Oka, Siyena, Umba ko Ƙasar Kasel: Wane Ruwan Ƙasa Ne Zai Yi Maka Aiki?

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jerin launukan fenti yana neman ruwan ƙasa ya san sunan ɗaya ne, amma kayan ba ɗaya ba ne. Ga wani fatsi-fatsi kamar zuma, ga wani ja-ja kamar tsatsar tsohon kwano, ga wani ya yi duhu har ya doshi baƙi, kuma kowanne an ce daga ƙasa aka haƙo shi. In ka bi ido kawai ka ɗauka, sai ka je wurin aiki ka tarar wanda ka zaɓa ya ƙi bushewa, ko ya bushe kafin ka gama sarrafa shi, ko ka sirka shi da fari ya koma toka-toka alhali kai mai ɗan ja kake nema. Wannan bayani na mai zane ne, da mai fentin bango, da kafinta mai rina katako, da duk wanda aljihunsa ba zai ɗauki duka ba, dole sai ya zaɓa.

Abin da ke cikin ƙasar

Kusan duk launukan nan tsatsa ce da ta gauraya da yumɓu da rairayi. Tsatsar iri biyu ce. Akwai mai riƙe da ruwa a jikinta, masana ma'adinai na kiranta gotait, ita ce rawaya. Akwai wadda ba ruwa a jikinta, hematait, ita ce ja, sunanta ma daga kalmar jini ya fito a harshen Girka. In ka gasa ta farko, zafi ya kai wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salshiyas, ruwan zai fita, rawaya ta rikiɗe ta koma ja. Nan ne asalin rabuwar ɗanya da ƙonanniya, wato abin da za ka ga an rubuta raw da burnt a jikin kwali. Abu na uku shi ne manganis, wani ma'adini mai duhu: gwargwadon yawansa a cikin ƙasar, gwargwadon duhunta. Da waɗannan ukun, ruwa da wuta da manganis, za ka iya fassara kusan kowane ruwan ƙasa da ke kasuwa. Ƙasar Kasel ce kaɗai bare a gidan, za mu zo kanta.

Ɗan Adam ya daɗe da wannan sana'a. A kogon Blombos da ke Afirka ta Kudu an tono ɓawon dodon koɗin teku da duwatsun niƙa da aka dama jar ƙasa da su shekaru wajen 100,000 da suka wuce, kuma har yau ragowar launin ja ne. Batun juriyar tsatsa ga zamani ba ya buƙatar wata shaida bayan wannan.

Ma'aunan da za a auna su da su

Na farko shi ne launin kansa, amma a fuska biyu: yadda yake in an shafa shi da kauri shi kaɗai, da yadda yake komawa in an sirka shi da fari ko an tsinka shi. Mutane da yawa fuskar farko kawai suke dubawa, alhali a ta biyu ake shan mamaki.

Na biyu, rufewa. Wani launin yana binne abin da ke ƙarƙashinsa, wani kuma shara-shara yake, ana hango na ƙasa ta cikinsa. Ba wanda ya fi wani, aiki ne ke faɗin wanda ake so.

Na uku, halinsa a cikin abin da aka dama shi da shi. Gari ba ya manne wa komai shi kaɗai, sai an haɗa shi da man linsid (wani man tsiro da ake dama fenti da shi), ko ƙaro, ko gwaiduwa, ko ruwan farar ƙasa, ko siminti. Launin da ya yi ladabi a ƙaro yana iya yin gardama a mai.

Sai juriya, wato rana da kuma kaifin farar ƙasa da siminti, waɗanda ke cinye launuka da yawa. Sai tsada. Sai haɗari ga lafiya, wanda a nan kusan duk a ƙura yake. Game da tsada, a sani tun yanzu cewa tazarar ba ta da yawa: a fentin masu zane, launukan ƙasa ne ke zama a rukuni mafi araha, nesa ƙwarai da launuka masu tsada irin su kadmiyom da kobalt. Don haka kuɗi ba su ne za su yanke maka hukunci ba, sai in kana sayen buhu-buhu.

Oka

Ita ce uwar gidan, kuma in za a faɗi gaskiya ba ruwan ƙasa ba ce sosai, rawaya ce mai kwantar da ido. Na sa ta a jerin ne don akwai masu duhu a cikinta da ke kaiwa launin busasshen ganye, kuma don ita ce aka fi sirkawa a samu ruwan ƙasa mai haske. Yumɓu ya yi mata yawa, tsatsar kaɗan ce. A Rusiyon da ke kudancin Faransa, inda wani mai suna Jean-Étienne Astier ya ƙirƙiro hanyar wanke ta da yawa a shekarun 1780, mafi yawan abin da ake haƙowa yashi ne, sai an wanke an tace sannan a samu ɗan launin.

Tana rufewa daidai gwargwado, tana bushewa a mai ba sauri ba nawa, rana ba ta yi mata komai, farar ƙasa ma haka. In an sirka ta da fari tana ba da launin madara mai ɗan rawaya wanda ba ya gajiyar da ido a bango. Rauninta ɗaya: ba ta da duhu. Duk yadda ka lafta ta ba za ta ba ka inuwa ba, kuma in ka ce za ka duhunta ta da baƙi, kore-kore za ta koma. Wannan ba laifi ba ne in kore kake so, amma wanda ke neman launin katako zai sha haushi.

Siyena

Sunan daga birnin Siyena na yankin Toskana a Italiya ya fito, ko da yake ramukan da suka yi suna suna gefen dutsen Amiyata ne, kudu da birnin. Haƙar can ta ja baya tun wajen shekarun 1940, kuma abin da ake sayarwa yau da sunan siyena yana fitowa daga wurare irin su Sardiniya da Sisili da gabashin Amurka. Tsatsarta ta fi ta oka yawa, tana da ɗan manganis da bai kai kashi 5 cikin ɗari ba.

Ɗanyar siyena 'yar'uwar oka ce da ta fi ta zurfi, kuma shara-shara take. A kan farar takarda, in an tsinka ta da ruwa, sai ka ga kamar hasken hantsi ya faɗo wurin. A mai kuwa tana shan mai da yawa kafin ta damu, kuma saboda yawan man tana iya ƙara duhu da shekaru. Wanda ya riga ya mallaki oka mai kyau zai iya haƙura da ɗanyar siyena na ɗan lokaci.

Ƙonanniyar ce ba a haƙura da ita. Wuta ta mayar da ita ja mai ɗaukar ido: da kauri ruwan ƙasa ce mai duhu, in an ja ta siriri sai ta buɗe ta koma kamar garwashi, in an sa mata fari ta ba da launin fata mai jini a jika. Launi ɗaya, fuska uku. Babbar baiwarta kuma tana fitowa ne in ta haɗu da shuɗin ultramarin. Ɗauki kaɗan daga kowanne a gefen faranti, ka riƙa jawo su zuwa tsakiya da burushi: daga gefen siyena za ka ga ruwan ƙasa mai zafi, sai ya huce, sai a tsakiya ya zama toka mai rai, sai ya gangara ya zama shuɗin hadari. Akwai masu zanen da ke gama hoto sukutum da waɗannan biyun da fari, kuma ba ka cewa wani abu ya yi ƙaranci.

Tana jure rana da farar ƙasa ƙwarai. Bushewarta a mai matsakaiciya ce, tana ɗan karkata ga sauri. Inda za ta ba ka kunya shi ne in kana son rufe wani abu: shafi biyu, shafi uku, har yanzu kana hango tabon da kake son ɓoyewa.

Umba

A nan ne manganis ya yi yawa, daga kashi 5 har zuwa 20 cikin ɗari, kuma shi ne ya ba ta duk halayenta, masu daɗi da marasa daɗi. Wadda ta fi suna daga tsibirin Saifurus take fitowa, daga gindin duwatsun Turodos. Masana sun rabu kan sunan, wasu sun ce daga yankin Umbiriya na Italiya ne, wasu sun ce daga kalmar Latin mai nufin inuwa. Ni dai ina tare da masu inuwa, don aikinta ke nan. Duhun da ke bayan fuskokin zanen Rembrandt da Caravaggio, shahararrun masu zanen Turai na dā, da launukan ƙasa irin wannan aka gina yawancinsa.

Ɗanyar umba sanyi gare ta, tana da ɗan kore a ɓoye. In ka sa mata fari ba za ta ba ka launin madara ba, toka mai ɗan kore za ta ba ka, kuma wannan ne ke kama sababbin hannu. Amma don kashe kaifin wani launi ba tare da an mayar da shi laka ba, ko don zana fasalin hoto kafin a ɗora launuka, ban san abin da ya kai ta ba. Ƙonanniyar umba kuwa ita ce abin da yawancin mutane ke nufi in sun ce ruwan ƙasa: mai duhu, mai ɗumi, launin tsohon katako da ya sha hannu. Ita ma in ta haɗu da ultramarin tana ba da baƙi wanda ya fi baƙin kwalba daɗin kallo.

Manganis yana hanzarta bushewar mai. Shafi siriri na umba yakan bushe cikin kwana ɗaya, lokacin da wasu launukan ke neman kwana huɗu ko biyar. Ga mai gaggawar ɗora shafi na biyu wannan alheri ne, ga mai son ya dawo gobe ya ci gaba da sarrafa launi a jiƙe kuwa tsiya ce, don har wanda ka matso a faranti zai yi fata kafin gari ya waye.

Sannan ga ƙishirwa. Zuba garin umba a kan gilashi, ka yi rami a tsakiya, ka ɗiga mai. Kafin ka ɗauko wuƙar damawa man ya ɓace, garin ya zama dunƙule-dunƙule kamar ba a sa komai ba. Ka ƙara, ya shanye. Sai ka yi ta murzawa, can sai ya saki gaba ɗaya ya zama ruwa-ruwa, ka gane ashe ka zarce. Dabarar ita ce a sa man da kaɗan-kaɗan, a ba murza lokaci. Wannan hali yana bin ta har kan zane: bayan ta bushe takan dushe, wurin da ka bari da duhu mai sheƙi ka dawo ka same shi fururu kamar an barbaɗa ƙura. Launin bai lalace ba, man sheƙi na ƙarshe yana dawo da shi, amma yana rikita ido ana tsakiyar aiki. Kuma kada a lafta ta da kauri a shafin farko, domin shafi mai yawan mai a ƙasa yana jawo tsagewar na sama.

Rana ba ta cin ta, farar ƙasa ba ta cin ta. Ta fuskar lafiya kuwa ita ce ta fi buƙatar kula a cikin 'yan'uwanta, saboda shaƙar ƙurar manganis na tsawon lokaci yana taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Wadda aka riga aka dama ba ta da wannan matsala, sai in za a goge busasshen fenti da samfefa.

Ƙasar Kasel

Ana kuma ce mata ƙasar Kolon, duka biyun garuruwa ne a Jamus, ko kuma launin Van Dyck, da sunan mai zanen nan da ya rasu a Landan a 1641. Daga rami ake haƙo ta, amma ba tsatsa ba ce: ruɓaɓɓun itatuwa da ganyaye ne da suka daɗe a binne, suna kan hanyar zama gawayin ƙasa ba su ƙarasa ba. Mafi yawan jikinta ragowar tsirrai ne.

Kyau kam tana da shi. Duhunta ya fi na umba zurfi, shara-shara take, tana da wani ɗan shunayya a ciki da ba ka samu a wani wuri. Amma kyan ɗan maciji ne. A mai tana nawar bushewa ƙwarai, kuma fatar da take yi ba ta da ƙwari. A rana tana koɗewa ta koma toka, musamman in an tsinka ta ko an sirka da fari. A farar ƙasa da siminti kuwa narkewa take yi. Na taɓa zuba ta a ruwan farar ƙasa don wani ɗan bango, saboda duhunta ya burge ni a cikin leda. Ranar farko abin sha'awa. Da danshi ya taɓa bangon sai ga zirin ruwan ƙasa yana gangarowa kamar an watsa dattin kwata, wurin da ya sha rana kuma ya yi fari-fari. Sai da na kankare na sake.

Abin mamaki, wannan aibin shi ne amfaninta a wurin kafintoci. Da yake tana narkewa a ruwa mai kaifi irin na soda, ana yin rinin katako da ita, mai shiga cikin jijiyar itace ya fito da zanenta maimakon ya zauna a sama. Ga kayan ɗaki da ba sa shan rana, kuma za a rufe su da man sheƙi, tana da gurbinta.

Tun da ana maganar baren gida, akwai biyu da ya kamata a ambata don a guje su. Kwalta ta asali ta ruɗi masu zane da yawa a ƙarni na 18 da na 19 saboda duhunta mai sheƙi, amma ba ta taɓa bushewa sosai, sai ta yi ta motsi tana tsattsagewa kamar fatar kada. Ɗayan kuma, wanda ake kira mummy brown, ko ka yarda ko kada ka yarda, da niƙaƙƙun gawarwakin mutanen Masar na dā ake yin sa, kuma sai a shekarun 1960 aka daina, da kayan suka ƙare wa mai yin sa na ƙarshe a Landan. In ka ga sunan a kasuwa yau, haɗin tsatsa ne kawai.

Tsatsar masana'anta

Ba daga rami take ba, amma ba yadda za a yi zaɓi na gaskiya ba tare da ita ba, domin ita ce ke cikin kwalaye da yawa masu ɗauke da sunan siyena ko umba. Sinadarin ɗaya ne da na ƙasa, sai dai babu yumɓu babu yashi. A fentin masu zane ana kiranta launin Mars. Yin ta da yawa ya bunƙasa ne a Jamus daga shekarun 1920, kuma yau ita ce ke rina yawancin bulo da tayil da kankare masu launi a duniya.

Ƙarfin rininta ya ninka na ƙasa, cokali ɗaya yana aikin cokali da yawa, don haka a babban aiki ita ce mafi araha nesa ba kusa ba. Buhun bana da na baɗi launinsu ɗaya, abin da ramin ƙasa ba zai taɓa yi maka alkawari ba. Irin da aka saba da shi yana rufewa ƙwarai, akwai kuma wani iri mai ƙananan ƙwayoyi da ya fi siyena ma shara-shara. Juriya ba a magana.

To me ya rage wa ta ƙasa? Laushin hali. Ta masana'anta tana da ƙarfin da ke danne duk launin da ta shiga, ɗigo ɗaya ya yi yawa sai ka ga haɗinka ya tafi. Kuma shafinta sumul yake, launi ɗaya daga gefe zuwa gefe. Ta ƙasa kuwa ƙwayoyinta ba girma ɗaya ba ne, a fentin ruwa manyan suna kwanciya a ramukan takarda, ƙananan su bazu, sai wurin ya yi tsaki-tsaki kamar jikin dutse. Wanda bai damu da wannan ba, gaskiya ba shi da dalilin biyan ƙarin kuɗi don sunan wani rami a Italiya.

| Launi | Da kauri | Da fari | Rufewa | Bushewa a mai | Rana | Farar ƙasa da siminti | Tsada |
|---|---|---|---|---|---|---|---|
| Oka | rawaya mai duhu | madara | matsakaici | matsakaici | tana jurewa | tana jurewa | araha |
| Ɗanyar siyena | zuma | rawaya mai ɗumi | shara-shara | matsakaici | tana jurewa | tana jurewa | araha |
| Ƙonanniyar siyena | ja mai duhu | launin fata | shara-shara | ɗan sauri | tana jurewa | tana jurewa | araha |
| Ɗanyar umba | duhu mai ɗan kore | toka mai sanyi | matsakaici | sauri sosai | tana jurewa | tana jurewa | araha |
| Ƙonanniyar umba | duhu mai ɗumi | toka mai ɗan ja | matsakaici | sauri sosai | tana jurewa | tana jurewa | araha |
| Ƙasar Kasel | kusan baƙi | toka | shara-shara | nawa | tana koɗewa | tana narkewa | araha, sai wuyar samu |
| Ta masana'anta | kowane iri | mai ƙarfi | sosai, galibi | matsakaici | tana jurewa | ta fi kowa | mafi araha a buhu |

Karanta lamba, ƙyale suna

Sunan da ke gaban kwali talla ne, gaskiyar tana baya, cikin 'yan ƙananan haruffa. PY43 rawayar ƙasa ce ta asali, PY42 ta masana'anta. PR102 jar ƙasa ta asali, PR101 ta masana'anta. PBr7 ita ce lambar da siyena da umba ke tarayya a kanta. NBr8 ita ce ƙasar Kasel ta gaske. Saboda haka in ka ga ƙonanniyar siyena mai lamba PR101, ka san ba ta taɓa ganin rami ba, ko da yake tana iya yin kyau ƙwarai. In kuma ka ga launin Van Dyck mai lambobi biyu, ta tsatsa da ta baƙi, to kwaikwayo ne, kuma a nan kwaikwayon ya fi na asalin aminci. Kamfanoni biyu suna iya sa PBr7 a umbarsu ka shafa su gefe da gefe ka ga kamar ba dangi ba, don haka in da hali a gwada kafin a sayi babba.

Gwajin rana ba shi da wuya: shafa launin a takarda, da kauri a sama, a tsinke a ƙasa, ka rufe rabi da kwali mai kauri, ka manna a taga mai shan rana. Bayan wata biyu ko uku ka ɗaga kwalin.

In kana son ka haƙo da kanka

Ana iyawa, kuma kuɗinsa haƙuri ne. Ka wuce ƙasar sama, don ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta yana kashe launi, ka nemi inda ruwa ko hanya ta yanke gefen tudu launin ya fito fili. Ka shanya, ka daka, ka tankaɗe, ka zuba a kwalba mai ruwa ka girgiza. Cikin ƙasa da minti ɗaya yashi zai kwanta. Ruwan da ya rage a gurɓace a sama, shi ne dukiyar: tsiyaye shi a wata kwalbar ka bar shi kwana ɗaya ko biyu, ka zubar da ruwan da ya tsaya garau, ka shanya lakar. Daga bokiti guda kana iya tashi da abin da bai fi cikin tafi ba. In ka gasa rabinsa a tsohon kaskon da ba za a ƙara girki da shi ba, kana kallo rawaya za ta juye ja, ka samu launi biyu daga rami ɗaya.

Haɗarin a nan ya fi na kayan kanti, domin ba wanda ya auna maka abin da ke ciki. Ƙurar rairayi mai laushi tana lalata huhu a hankali, wata ƙasar kuma tana ɗauke da dalma ko gubar arsenik, musamman kusa da tsofaffin ramukan ma'adinai. A yi daka da niƙa a jiƙe, a sa takunkumin ƙura na gaske irin N95, kada a share gari da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Tsumman da ya sha man linsid kuma kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. A baza shi ya bushe ko a nutsa shi a ruwa.

Wa zai ɗauki wanne

Mai koyon zane da zai sayi ruwan ƙasa ɗaya tak, ya ɗauki ƙonanniyar siyena, muddin yana da shuɗin ultramarin, don daga su biyun zai haɗa kusan duk abin da umba za ta ba shi. In zai sayi biyu, ya ƙara da ɗanyar umba, ba ƙonanniya ba, saboda ya samu zafi a hannu ɗaya, sanyi a ɗayan. Na san da yawa za su ce ƙonanniyar umba ce ta farko tun da ita ce ruwan ƙasa na sosai. Matsalarta ita ce sauƙinta: sabon hannu yakan riƙa tsoma burushi a cikinta duk lokacin da yake son inuwa, har hoton gaba ɗaya ya koma launin laka.

Mai fentin mai da ke aiki shafi bisa shafi, ɗanyar umba siririya a shafin farko, siyena a sama inda ake son haske ya ratso. Mai zanen fuskoki, oka da ƙonanniyar siyena da fari su ne jarinsa. Mai fentin ruwa da ke son tsaki-tsakin nan, ya nemi PBr7 ko PY43 na asali, a nan ne kaɗai nake ganin ƙarin kuɗin ya biya.

Mai shafen farar ƙasa a bango, oka da siyena da umba duk nasa ne, sai dai ya tuna jiƙaƙƙen shafe ya fi busasshe duhu nesa, ya gwada a ɗan gefe ya jira ya bushe kafin ya dama na ɗaki guda. Ya kuma sayi abin da zai ishe shi a karo ɗaya, don buhu na biyu ba lallai ya yi daidai da na farko ba. Mai siminti, bulo ko daɓe, ya tafi kai tsaye ga ta masana'anta: ta ƙasa tana da rauni, sai an zuba da yawa, yumɓun da ke cikinta kuma yana ƙara wa kwaɓi shan ruwa. A auna launin da sikeli bisa nauyin siminti, ba da ido ba, kuma kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari.

Kafinta mai son jijiyar katako ta fito, rinin Kasel ga kayan cikin ɗaki, ƙonanniyar umba da aka tsinka a mai ga duk abin da zai ga rana. Ya shafa, ya ba shi 'yan mintuna, ya goge da tsumma bin jijiya, ya bar duhun ya zauna a ramuka da lungunan sassaƙa.